Ƙishirwar Randa Mai Kitso

Duk macen da ta taɓa ɗora kanta a cinyar Randa ta san abu biyu game da ita: hannunta ba zafi, kuma ba ta iya zama wuri guda. Za ta tsaga layi, ta kama gashi ta fara, kina lumshe ido don daɗi, sai ki ji ta dafa kafaɗarki ta ce tana zuwa. Kafin ki miƙe ƙafa ta dawo daga banɗaki da hannu a jiƙe, ta tsaya bakin ƙofa, ta cika wani ƙaton kofin silba da ruwa ta kafa kai. Ba irin shan mutane take yi ba. Maƙogwaronta har waje ake jin sa. Ta sauke kofi, ta ƙara wani, sannan ta zauna ta ɗora daga inda ta tsaya, ba tare da silin gashi ɗaya ya kwance ba.

Daga nan sunan ya samo asali, ya bi ta har ya shafe nata na gaskiya. Ba ta jin haushinsa. In baƙuwa ta zo ta tambayi mai kitso, ita da kanta take cewa, ai an iso wurin Randa, sai dai a yi haƙuri, randar tana yoyo.

Shagon nata ɗan ɗaki ne a gaban gida: kujera 'yar tsugunno, shimfiɗa a ƙasa, madubi mai tsagewa a gefe guda, kwalaben mai a jere kan taga, da gwangwanin da take zuba tsinkayen tsaga da mataji. Kitson da wasu ke gamawa kafin rana ta take, ita sai ta kai yamma tana yi. Amma mata ba su daina zuwa ba, don kitsonta yana daɗewa bai tashi ba, kuma yara ba sa kuka a hannunta. Masu ciwon baya ma sun fi son ta, saboda duk tashin da za ta yi, su ma suna samun miƙewa. Hira kuwa a guntu-guntu take jin ta. Za a kai daidai inda miji ya buɗe baki zai ba da amsa, sai Randa ta ce a riƙe mata nan, kada wadda ta ƙarasa sai ta dawo.

Mijinta mai gyaran famfo ne, kuma unguwa ba ta bar wannan ya wuce haka nan ba. Har yara sun san zolayar: ya toshe yoyon gari kaf, ya bar na gidansa. Shi dai sai ya yi murmushi ya saɓa jakar kayan aikinsa. Mutum ne da bai iya faɗin so da baki ba, da bututu yake faɗa. Tun farkon aurensu ya fasa bango ya yi mata banɗaki a bayan shago, ya ja mata famfo har bakin ƙofa, ya ɗora tanki a bisa don kada ruwan gari ya ɗauke ta shiga uku. Da dare, duk tashin da take yi, bai taɓa yin tsaki ba. Aibinsa guda ne, yana ganin duk abin da ke duniya famfo ne, daga gwamnati har tarbiyyar yara, kuma in ya fara bayani sai mutum ya nemi wurin zama.

Ba da wannan ƙishirwa aka haife ta ba. Tana ƙaramar yarinya ta faɗo daga saman bene, kanta ya bugu, ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo, abin da ta fara nema ruwa ne, kuma tun daga ranar ba ta ƙoshi ba. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu a lokacin, don haka komai a kan yayarta ya sauka, wadda ita ma ba ta gama girma ba. Yaya ce ke wanke shimfiɗa da sassafe kafin maƙwabta su gani. Yaya ce ta je makaranta ta tsaya a gaban malamin da ya hana yarinyar fita har ta jiƙa kayanta a aji, ta wanke shi tas a gaban ɗalibansa. Kuma ita ce ta zaunar da ita ta koya mata kitso, ta ce mata wannan sana'a ce da ba mai hana ta tashi. Duk duniya Yaya kaɗai ba ta taɓa kiran ta Randa ba. Auta take ce mata.

An kai ta asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowane lokaci abu guda ake dubawa, ciwon suga, kuma kowane lokaci a ce babu. Daga nan sai a ce mata sabo ne, ta rage shan ruwa. Ta gaji ta daina zuwa.

Aure ya kai Yaya wani gari mai nisa, tafiyar yini guda cur a babbar mota. Sau ɗaya Randa ta gwada zuwa, da sauran ƙuruciyarta. Direba ya tsaya mata da farko da fara'a, ya sake tsayawa da ɗaure fuska, da ta ƙara roƙo sai ya juyo ya tambaye ta a gaban fasinja ko motar ta ubanta ce. Mota ta kwashe da dariya. Ta sauka da jakarta a bakin hanya ta nemi motar komawa gida, kuma ba ta sake tunkarar tasha ba. Tun daga nan Yaya ce mai zuwa. Kowace shekara sai ta sauka da kaya niƙi-niƙi tana mitar gwiwoyinta, ta zube a shago, ta cire ɗankwali ta ce, “To Auta, ga kan naki, an bar miki shi kamar jeji.” Ba ta yarda wani hannu ya taɓa mata kai sai in dole ta kama.

Sai aka yi shekarar da ba ta zo ba. Aka ce gwiwa ce, aka ce ido ne ya yi rauni, aka ce ana magani. Wata rana da hantsi, Randa na tsakiyar kan wata ma'aikaciyar banki, 'yar Yaya ta bugo waya. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce jiki ya yi tsanani, tsohuwa ta daina cin abinci, wani lokaci ba ta gane 'ya'yanta, amma bakinta bai daina kiran Auta ba. “Inna, in da hali ki taho,” ta ce, “kada ki jira.”

Randa ta ƙarasa kitson nan ba ta san me hannunta ke yi ba. Da maigidan ya dawo ya tarar da ita zaune bakin famfo tana hawaye, abin da bai saba gani ba. Ta ce masa za ta tafi ko da za a jefo ta ta taga. Shatar mota ta fi ƙarfinsu, kuma ba su san direban da zai yi ta tsayawa yini guda saboda mace ɗaya ba. Ya zauna yana juya sifana a hannu, ita kuwa da ta ga haka ta san bayani na tafe.

Ya ce abin ai a fili yake, shi ne dai bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. In gida na yoyo kana son ka yi aiki, ba wurin yoyon kake dannewa ba, sama kake hawa ka kulle tanki. Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Ta daina shan ruwa tun yammar yau, zuwa safiya bututu ya tsane, ta hau mota a bushe, in ta sauka ta sha har ta gode Allah. Shi ma zai raka ta. Ya faɗi haka da yaƙinin mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba. Ita kuma ta yarda, don tana son ta yarda, kuma ai likitoci ma sun sha ce mata ta rage.

Ta kife kofin silbar. Shi kuma don ya taimaka mata, ya hau ya kulle tankin da hannunsa.

Abin da bai shiga ba ya ci gaba da fita. Ta yi ta zirga-zirga kamar kullum, fitsarin nan fari tas kamar ruwan famfo, ba alamar raguwa. Maigidan ya ce ragowar da ke cikin bututu ne, ta ƙara haƙuri. Zuwa wayewar gari harshenta ya zama kamar tsumma, leɓɓanta sun tsage, in ta miƙe sai ɗaki ya juya. Ta ɗaura ɗankwali a karkace, ta ɗauki jaka, ba ta ce masa komai ba don kada ya ce a fasa. A tasha, suna cikin layi, wata mata ta buɗe gorar ruwa a gabanta, Randa ta bi gorar da kallo irin wanda ya sa matar ta miƙo mata. Randa ta girgiza kai. Ta ɗaga ƙafa za ta taka matakalar mota, cikin ruɗewa ta kira maigidan da sunan ɗansu na fari, ta tambaye shi ko an rufe shago, sannan ta sulale.

A asibitin da aka kai ta, likitar da ke aiki ranar mace ce mai ƙaramin jiki da tabarau, ba ta cika magana ba amma ta iya tambaya. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗaura ƙarin ruwa, ta ja mai famfo gefe ta ce ya faɗa mata komai tun daga farko. Ya faɗa, har da tankin. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi masa da ya fi samun sauƙi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne sakamakon gwajin: jinin ya yi kauri da gishiri kamar na wanda ya ɓata a daji, fitsarin kuwa kusan ruwa zalla. Jikin da ya bushe haka, ta ce, kamata ya yi ƙoda ta riƙe kowane ɗigo. Ta tambaya ko matar ta taɓa buguwa a kai. Ya ce tun tana yarinya.

Da Randa ta dawo hayyacinta, likitar ta jawo kujera ta yi musu bayani su biyu. Ta ce ƙoda tana tace jini ba dare ba rana, ruwan da take tacewa a yini ya kusa cika durom, amma ba zubar da shi take yi ba, kusan duka take mayar wa jiki, ta bar ɗan kaɗan ya fita da datti. Mai ba ta umarnin ta matse ruwan nan na ƙarshe ta mayar, wani sinadari ne da ke fitowa daga wata 'yar tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. In jini ya fara kauri, ƙwaƙwalwa abu biyu take yi: ta tayar wa mutum da ƙishirwa, ta kuma aika wa ƙoda sinadarin nan. Ga alama faɗuwar ce ta taɓa wurin, saƙon ya daina zuwa. Ƙodarta lafiya lau take, umarni ne ba ta samu ba tsawon shekarun nan.

“Ba shan ruwan ne ke sa ki fitsari ba, Mama,” in ji likitar. “Fitsarin ne ke sa ki sha. Ƙishirwar nan da ake yi miki dariya a kanta, ita ta riƙe ki da rai.”

Mai famfo ya ce, wato ba daga tanki ruwan ke zuba ba, daga jikin ginin yake tsotsowa. Likitar ta ce kusan haka ne. Ya ce, a hankali, “Ni na kulle mata.” Randa ta miƙa hannun da ba allura ta ja hannun rigarsa, ta ce masa ya bar wannan, ai tare suka kulle. Ranar bai ƙara yi wa kowa bayanin komai ba.

Maganin 'yar ƙaramar ƙwaya ce, wadda ke yin aikin sinadarin da ya ɓace. Randa ta juya shi a tafin hannu ta ji wani abu mai kama da fushi ya taso mata, don ta tuna shimfiɗun da Yaya ta wanke, da direban nan, da duk shekarun da tsohuwa ta yi tana jan gwiwa zuwa wurinta. Likitar ta ja mata kunne sosai: yanzu haɗarin ya juya. Tunda ƙoda za ta fara riƙe ruwa, in ta ci gaba da kafa kai a kofi don sabo, ruwa zai taru ya tsinka gishirin jininta, wannan ma yana kayar da mutum. Ta sha in ta ji ƙishirwa, in ba ta ji ba ta bari. Kuma ba za a sallame ta ba sai gishirin ya sauka a hankali, don saukar da shi da gaggawa ɓarna ne. Randa ta roƙa, ta yi kuka, ta ce yayarta na bakin mutuwa. Likitar ta ce ta sani, kuma tana son ta isa da ƙafafunta. Haka ta yi kwanaki a gadon nan, duk ƙarar waya sai ta ɗauka saƙon rasuwar Yaya ne.

Ran da aka sallame ta, tun da sassafe daga asibiti tasha suka wuce. Ta zauna jikin taga a ɗarare, jaka a cinya, tana jiran jikinta ya ci amanarta. Bai ci ba. Gari ya wuce, gonaki suka wuce, ta ga duwatsu da gadoji da ba ta taɓa gani ba sai a bakin Yaya. Da rana ta yi tsaka wani dattijo a baya ya roƙi direba ya tsaya, mutane suka fara gunaguni, Randa ta juya ta ce a tsaya masa mana, ai ba da gangan yake yi ba. Muryarta ta fi yadda ta yi niyya ƙarfi, aka tsaya.

Sun isa da sauran rana. 'Yar Yaya ta tare su a ƙofa, ta rungume ta, ta ce tana nan, da sauran numfashi. Ɗakin na warin man zafi da magani, an sauke katifa ƙasa don kada ta faɗo. Yaya ta ƙanƙance har Randa ta tsaya tana neman ta a cikin bargo. Idanun a buɗe suke amma ba sa kama komai. Gashin kuwa ya dunƙule ya cukurkuɗe, don duk wanda ya kai hannu sai ta ture shi.

Randa ta gaishe ta, ta ce ga Auta ta zo. Tsohuwar ta amsa gaisuwar da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo. Randa ta buɗe jaka ta ciro mataji da mai da tsinke, ta zauna kan katifar, ta ɗago kan a hankali ta ɗora a cinyarta. Yaya ba ta ture ta ba. Ta fara tsefewa daga ƙeya, tana shafa mai, tana warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana ba ta labarin hanya da na yara. Ta taje, ta tsaga, ta kama layin farko ta kai shi ƙarshe, ta kama na biyu. A ranta tana jin wani daɗi da ba ta taɓa ji ba, yau za ta yi wa Yaya kitso daga farko har ƙarshe ba ta ajiye mata kai a ƙasa ba.

Ta wuce rabi sai tsohuwar ta motsa. Ta ce, “Baiwar Allah, hannunki da daɗi, kamar na ƙanwata. An ce tana hanya. Ko kin gan ta?”

“Ni ce, Yaya. Ni ce Auta.”

“A'a,” in ji tsohuwar, ba da faɗa ba. “Auta ba ta zama haka. Da ita ce, da tuni ta tashi.”

Hannun Randa ya tsaya a cikin gashin. 'Yar Yaya ta buɗe baki za ta yi bayanin asibiti da magani, Randa ta ɗaga mata hannu. Ta dafa kafaɗar tsohuwar, ta ce tana zuwa, ta zame cinyarta ta ɗora kan a matashi. Ta fita ta tsaya a bayan ƙofa, inda maigidan ke zaune kan benci, ta toshe bakinta da gefen mayafi har kukan ya lafa. Ba ta jin fitsari, ba ta jin ƙishirwa. Ta buɗe famfon tsakar gida ta jiƙa hannuwanta, ta nemi kofi ta buga shi a jikin bokiti yadda za a ji daga ɗaki, ta kurɓi ɗan kaɗan ta haɗiye da ƙarfi. Sannan ta koma ta ɗago kan ta mayar cinyarta, ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a goshin yayarta.

Fuskar tsohuwar ta saki gaba ɗaya. Ta laluba ta kama yatsun nan masu sanyi ta riƙe.

“Auta,” ta ce. “Yaushe kika iso? Wa ya tsaya miki a hanya?”

“Kowa ya tsaya, Yaya.”

“To madalla. Ki sha ruwanki, kada ki ji kunyar kowa a gidan nan.”

Randa ta ce to. Ta kama layin da ta bari ta ci gaba, kuma kafin ta gama kan nan sai da ta sake tashi har sau biyu.